Gargaɗin Ƙari da Ragi a Littafi Mai Tsarki: Wa Ya Shafa, Me Ya Hana?

Dab da ƙarshen Littafi Mai Tsarki na Kirista, a sura ta 22 ta Wahayin Yahaya, wanda wasu fassarorin Hausa suke kira Ru'ya ta Yohanna, akwai ayoyi biyu, ta 18 da ta 19, da suka shahara saboda tsananin gargaɗin da ke cikinsu. Abin da suke faɗa a dunƙule shi ne, duk wanda ya yi ƙari a kan annabcin littafin, Allah zai ɗora masa annobar da aka zayyana a cikinsa, wanda kuwa ya yi ragi za a cire rabonsa daga albarkar da littafin ya yi alkawari. Da yake a nan ne Littafi Mai Tsarki yake ƙarewa a bugun da ke hannun jama'a, masu karatu da yawa sun ɗauki gargaɗin a matsayin hatimin da aka buga wa dukan littattafan tun daga Farawa, har ya zama abin da ake saurin jawowa a kusan kowace gardama, a kan sabuwar fassara, a kan adadin littattafan da wata ɗarika ta karɓa, da kuma a kan duk wanda ya yi da'awar sabon wahayi. Gargaɗin yana da nauyi na gaske, kuma bai kamata mai bi ya raina shi ba, amma nauyin nan ne ya wajabta a tambayi ainihin abin da ya hana da mutanen da aka nufa da shi, domin la'ana irin wannan ba abar jifan kowa da kowa ba ce.

Abu na farko da nazari yake nunawa shi ne, lokacin da Yahaya ya rubuta wahayinsa a tsibirin Batmusa, wajen shekara ta 95 miladiyya bisa ra'ayin da ya fi rinjaye tun daga Ireniyus, bishop na Liyon, babu wani kundi guda mai suna Sabon Alkawari da za a ce ana rufe shi. Kowane littafi yana yawo ne shi kaɗai, kwafin hannu daga ikilisiya zuwa ikilisiya, shi kuma Wahayi wasiƙa ce da aka aika wa ikilisiyoyi bakwai na lardin Asiya, a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, daga Afisa zuwa Lawudikiya. Don haka sa'ad da marubucin ya ambaci annabcin wannan littafi, abin da masu sauraronsa na farko za su fahimta shi ne takardar da ake karanta musu a taron ibada. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai yadda aka san su yanzu, ya fara bayyana ne a wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya ta shekara ta 367, sannan tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka tabbatar da shi a arewacin Afirka. Shi kansa Wahayi ya daɗe kafin ya samu karɓuwa a gabas, inda tsohuwar fassarar Suriyanci da ake kira Peshitta ba ta ƙunshe shi ba. Har ma a tsofaffin kundayen da suka tattara littattafan wuri guda, ba kullum ne yake zama na ƙarshe ba, domin Kundin Sina'i na ƙarni na 4 ya biyo bayansa da Wasiƙar Barnaba da Makiyayin Harmas, Kundin Iskandariya na ƙarni na 5 kuma da wasiƙu biyu da ake danganta wa Kilemas. Zaman gargaɗin a shafin ƙarshe sakamako ne na yadda ikilisiya ta jera littattafanta daga baya, kuma ba za a iya kafa hujjar tafsiri a kansa shi kaɗai ba.

Yahaya kuwa ba shi ne ya fara irin wannan magana ba. A duniyar da kowane kwafi yake fitowa daga hannun mutum, kuma marubuci ba shi da iko a kan rubutunsa da zarar ya rabu da shi, kariya ɗaya da ta rage masa ita ce ya haɗa mai karatu da Allah. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila na ƙarni na 18 kafin haihuwar Almasihu, sun ƙare da doguwar la'ana a kan duk mai mulkin da zai sauya su, haka ma yarjejeniyar da Esarhaddon na Assuriya ya ƙulla da masu yi masa mubaya'a a shekara ta 672 kafin haihuwar Almasihu ta hana a taɓa abin da aka rubuta. Wasiƙar Aristiyas, wadda ta ba da labarin fassara Attaura daga Ibrananci zuwa Girkanci a Iskandariya, ta ce bayan an karanta fassarar an amince da ita, sai aka la'anci duk wanda zai yi mata ƙari ko ragi. A cikin Kirista ma, masanin tarihi Yusibiyus na Kaisariya ya adana koken Diyonisiyus, bishop na Koranti a wajen shekara ta 170, cewa wasu sun cusa abubuwa cikin wasiƙunsa sun kuma cire wasu, ya kuma adana roƙon da Ireniyus ya rubuta a ƙarshen wani littafinsa, inda ya gama mai kwafa da Ubangiji Yesu a kan ya gwada kwafinsa da asali ya gyara shi a tsanake. Wannan ya nuna cewa gargaɗin Wahayi yana da fuska ta zahiri da ta shafi takarda da tawada, kuma tsoron da ke bayansa tsoro ne na abin da ake gani yana faruwa.

Amma tushen da ya fi kusa da Yahaya yana cikin Tsohon Alkawari ne, a Maimaitawar Shari'a 4:2 da 12:32, inda Musa ya hana Isra'ila yin ƙari ko ragi a kan umarnin da yake ba su, da kuma Karin Magana 30:6, inda aka gargaɗi mutum kada ya ƙara a kan maganar Allah don kada a same shi maƙaryaci. A nan ne ake ganin iyakar fahimtar da ta ɗauki gargaɗin a matsayin rufe ƙofar rubutu. Da hanin Musa yana nufin kada a sake rubuta kome da sunan Allah, da Joshuwa da Zabura da Ishaya da dukan Sabon Alkawari sun zama saɓo, abin da babu Kiristan da zai yarda da shi. Littafin Maimaitawar Shari'a kansa ya ƙare da labarin rasuwar Musa da binne shi, kuma a sura ta 5, inda ya maimaita Dokoki Goma, dalilin da ya bayar na kiyaye Asabar shi ne kuɓutar Isra'ila daga bautar Masar, alhali Fitowa sura ta 20 ta jingina shi ga hutun Allah bayan halitta. Lafazi ya sauya, umarni bai sauya ba. Sura ta 36 ta Irmiya ta ƙara fito da wannan bambanci fili, domin a can sarki Yehoyakim ya riƙa yanka naɗaɗɗen littafin annabin da wuƙa yana jefawa a wuta, sai Allah ya umarci Irmiya ya sake shibta wa magatakardansa Baruk, kuma nassin ya faɗa cewa an ƙara maganganu masu yawa irin na farko. A labari guda an ga ragin da ya jawo hukunci da ƙarin da aka yi da izini, kuma abin da ya raba su shi ne ikon wanda ya yi da manufarsa: sarkin yana so ya toshe bakin Allah, annabin kuwa yana isar da abin da aka ba shi.

Akwai wani zare da ya haɗa Maimaitawar Shari'a da Wahayi wanda mai karanta ayoyin a tsinke ba zai lura da shi ba. Nan take bayan hanin ƙari da ragi, Musa ya tuna wa jama'a abin da ya faru a Ba'al-feyor, wurin da Isra'ilawa suka shiga cin yankan gumaka da fasikanci, al'amarin da Littafin Ƙidaya ya ɗora alhakinsa a kan shawarar Bal'amu. Hanin da ke 12:32 shi ma yana tsakanin gargaɗi a kan kwaikwayon ibadar al'ummai da gargaɗi a kan annabin ƙarya mai jan mutane zuwa ga wasu alloli. To, a Wahayi sura ta 2, laifin da aka kama ikilisiyar Birgamas da shi shi ne ƙyale masu riƙe da koyarwar Bal'amu da ta Nikolatawa, ita kuma ikilisiyar Tayatira an zarge ta da ƙyale wata mace da aka laƙaba wa suna Yezebel, mai kiran kanta annabiya, tana koya wa masu bi cewa babu laifi a ci abin da aka yanka wa gumaka. Masana irin su G. K. Beale sun kafa hujja da wannan alaƙa suka ce ƙarin da Yahaya yake tsoro shi ne halatta abin da Allah ya haramta da sunan annabci, ragin kuma shi ne sassauta kiran da littafin yake yi na a tsaya da aminci ko da za a rasa kasuwa ko rai. Lafazin gargaɗin ya goyi bayan wannan fahimta, domin an fuskantar da shi ga duk mai jin annabcin, wato jama'ar da ke zaune ana karanta musu, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa riƙe alƙalamin kwafa ba. Farkon littafin ya sa albarka ga mai karantawa da masu ji da masu kiyayewa, ƙarshensa kuma ya gargaɗi waɗannan mutanen dai.

Wannan fuska ta biyu, wato ta koyarwa da kiyayewa, ita ce mafi nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. A Markus sura ta 7, Yesu ya tuhumi Farisiyawa da malaman Attaura da soke maganar Allah saboda al'adarsu, ya kawo misalin korban, wato dukiyar da mutum ya furta cewa ya keɓe wa Allah, inda ɗa zai fake da wannan furuci ya ƙi taimakon iyayensa. Mutanen da aka yi wa wannan tuhuma ba su goge ko harafi ɗaya daga dokar girmama iyaye ba, suna ma cikin waɗanda suka fi kowa kula da haruffan, amma duk da haka dokar ta mutu a hannunsu. Mai wa'azin da ya shekara yana karanta alkawuran wadata bai taɓa buɗe gargaɗin da ke kan son kuɗi ba ya yi ragi ko da Littafinsa cikakke ne, wanda kuma ya ɗora wa jama'a dokar ɗarikarsa yana cewa haka Ubangiji ya faɗa ya yi ƙari ko da bai taɓa matanin ba. Abin damuwa ne ƙwarai cewa ayar da ta fi dacewa mai koyarwa ya auna kansa da ita ta koma abin da yake auna wasu da shi.

Game da fuskar takarda kuwa, tarihin aya ta 19 kanta yana da darasi mai muhimmanci. Sa'ad da Irasmus yake shirya Sabon Alkawari na Girkanci wanda aka buga a birnin Basel a 1516, kwafin hannu guda ɗaya kawai yake da shi na Wahayi, kuma ganyensa na ƙarshe ya ɓace, saboda haka ya fassara ayoyin ƙarshe daga Latinanci ya mayar da su Girkanci da kansa. A kwafin Latin da ya dogara da shi, abin da za a cire rabon mai ragi daga gare shi littafin rai ne, alhali kwafe-kwafen Girkanci kusan dukansu itacen rai suka ce, kuma masana suna ganin kamannin kalmomin biyu a Latinanci ne ya jawo kuskuren tun a hannun wani mai kwafa na dā. Karatun Irasmus ya wuce cikin bugu-bugun da suka biyo baya har ya shiga fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611, ya zauna a can ƙarnuka. Babu mai adalcin da zai ce Irasmus, ko mai kwafar da idonsa ya zame, ko mafassaran 1611 sun faɗa ƙarƙashin la'anar, domin babu ɗayansu da ya yi niyyar karkatar da saƙo. Ireniyus ya riga ya yi wannan rarrabewa tun a ƙarni na 2, lokacin da ya tarar da kwafe-kwafen da suka rubuta lambar dabbar da ke Wahayi sura ta 13 a matsayin 616 maimakon 666. Ya yi tsammanin gafara ga waɗanda suka bi wannan karatu cikin rashin sani, ya kuma tsananta wa masu gina koyarwa a kansa don neman suna. Karatun 616 ɗin yana nan har yau a wani guntun takardar fafiras da aka tono a Oksirinkus ta Masar.

Daga nan ne ya kamata a duba zargin da ake yawan yi wa sababbin fassarori cewa sun cire ayoyi. Ilimin tantance matani, wato gwada kwafe-kwafen hannu da juna domin gano karatun da ya fi kusa da abin da marubuci ya rubuta, yana aiki yau da kwafe-kwafen Girkanci fiye da 5,000, waɗanda kimanin 300 daga cikinsu ne suka ƙunshi Wahayi, kuma da yawa daga mafi tsufansu ba su kasance a hannun Irasmus ba. Wannan bincike ne ya nuna cewa Markus 16:9-20 ba ya cikin Kundin Sina'i da Kundin Batikan, cewa labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11 ba ya cikin tsofaffin kwafe-kwafe mafi daraja, kuma jimlar da ke 1 Yahaya 5:7 game da shaidu uku a sama ta shigo ne ta hanyar Latinanci. Irasmus da kansa bai sa wannan jimla a bugunsa na 1516 da na 1519 ba, sai a 1522 bayan an matsa masa. Idan har wani sharhi da aka rubuta a gefen shafi ya sulale ya shiga cikin matani, to mai mayar da shi gefe ba ragi ya yi ba, ƙarin da aka yi ne ya gyara. Gargaɗin kaifi biyu ne da shi, kuma wanda ya nace a riƙe kowace jimla don kawai ya saba da ita yana iya zama mai kare ƙari ba tare da ya sani ba. Ma'aunin da ya dace shi ne abin da manzanni suka rubuta, kuma babu wata fassara, komai tsufanta da kwarjininta, da za ta iya zama ma'aunin asalin da aka ɗauko ta daga gare shi.

Wannan ba ya nufin cewa ba a taɓa samun mai sauya nassi da gangan ba. Markiyon, wanda ikilisiyar Roma ta kora wajen shekara ta 144, ya yi watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka kaɗai da wasiƙun Bulus goma, kuma bisa shaidar Tartuliyan da sauran masu yi masa raddi, ya datse wuraren da suka saɓa wa aƙidarsa cewa Mahalicci daban ne da Uban Yesu. Nan ne ruhin gargaɗin ya sauka daidai, domin aƙida ce ta riga nassi, aka yanka nassi don ya dace da ita. Saɓanin da ke tsakanin ɗariku game da adadin littattafai kuwa wani abu ne dabam. Furotesta suna da 66, Katolika suna da 73 kamar yadda taron Tirent ya tabbatar a 1546, kuma bambancin ya samo asali ne daga tsohuwar tambaya ta ko za a bi jerin Ibrananci ne ko kuwa littattafan da suka zo tare da fassarar Girkanci. Kowane ɓangare yana iya juya Wahayi 22 a kan ɗan'uwansa, wannan ya ce an ƙara, wancan ya ce an rage, don haka ayar ba ta yanke hukunci a tsakaninsu. Haka nan idan aka jefi mabiya Littafin Mormon, wanda ya fito a Amurka a 1830, da wannan aya kaɗai, sukan amsa da Maimaitawar Shari'a 4:2, kuma amsar tana da ƙarfi a kan wannan hujja. Mai son ya nuna cewa wahayin da ke ɗaure ikilisiya ya cika dole ne ya tsaya a kan tushe mafi faɗi, wato cewa Sabon Alkawari shaidar manzanni ce game da Almasihu, kuma farkon wasiƙar Ibraniyawa da wasiƙar Yahuza suna magana a kan saƙon da aka riga aka kammala bayarwa. A kan wannan tushe ne ya halatta a shimfiɗa ƙa'idar Wahayi 22 a kan dukan Littafi Mai Tsarki, tun da abin da ya sa ba a taɓa annabcin Yahaya, wato kasancewarsa maganar Allah, ya game sauran littattafan.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa, batun yana da wata fuska, domin yana zaune tare da maƙwabta Musulmi da suka san mas'alar tahrifi, wato zargin cewa Ma'abota Littafi sun gurɓata abin da aka saukar musu. Malaman Musulunci na dā sun raba shi biyu, tahrifin lafazi, wanda Ibn Hazm na Andalus ya tsananta a kansa a ƙarni na 11, da tahrifin ma'ana, wato karkatar da fassara alhali matani yana nan. Kiristan da ya ce babu bambanci ko na harafi ɗaya tsakanin kwafe-kwafe ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma zai rasa ta cewa ranar da aka buɗe masa shafin da ke nuna bambancin. Matsayin da zai iya karewa da gaskiya shi ne cewa bambance-bambancen sanannu ne, an ƙidaya su, an buga su a fili ga duk mai son dubawa, mafi yawansu na rubutun kalma ne da jerin jimla, kuma yawan kwafe-kwafen da bazuwarsu a Masar da Suriya da Turai su ne suka sa ba wanda ya isa ya sauya duka ba tare da an gane ba. Fassara ma haka take. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, kuma fassarorin da suka biyo baya sun sauya kalmomi da sunayen littattafai saboda harshe yana tafiya, fahimtar asali kuma tana ƙaruwa. Marubutan Sabon Alkawari da kansu sun fi yawan jawo Tsohon Alkawari daga fassararsa ta Girkanci, abin da ke nuna cewa ba su ɗauki fassara a matsayin cin amana ba.

Hanyar da Masoretawa suka bi, wato malaman Yahudawa na Tibariya da kewaye da suka kula da matanin Ibrananci tsakanin ƙarni na 7 da na 10, ta nuna yadda tsoron gargaɗin yake zama aiki. Sun ƙirƙiro wasula da alamomin karatu suka sa a sama da ƙasan haruffa, sun ƙidaya kalmomi da ayoyin kowane littafi domin mai kwafa ya iya bincikar kansa, kuma inda suka ga karatun da suka gada a baki ya bambanta da abin da ke rubuce, sai su bar rubutun yadda suka same shi su sa karatun a gefe. Rabon surori da ake danganta wa Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, da lambobin ayoyin Sabon Alkawari da Robert Estienne ya buga a 1551, da kanun labarai da bayanan ƙasan shafi na bugun zamani, duk abubuwa ne da aka kawo daga baya, kuma ba su da laifi muddin mai karatu yana iya rarrabe su da nassi. Saboda haka baka biyun da ake kewaye ƙarshen Markus da su, da ɗan bayanin da ke cewa wasu tsofaffin kwafe-kwafe ba su da wannan sashe, aikin masu gaskiya ne, kuma nauyi ne a kan fastoci da malaman makarantun tauhidi su koya wa jama'a ma'anarsu tun kafin su ci karo da su a bakin mai gardama.